Ajin da Tintin ya riƙe a Kwango

Akwai wani shafi a cikin littafin «Tintin au Congo» da ya cancanci kowane malamin makaranta ya dakata a kansa, ko da kuwa bai taɓa damuwa da labaran zane ba. Aji ne aka nuna, a wata makarantar mishan ta ƙasar Kwango, zamanin da Beljiyam ke mulkinta. Fadan da ke karantarwa ya kwanta ciwo, sai baƙon da ya sauka a gidan mishan ya karɓi yaran. Baƙon nan shi ne Tintin, saurayin ɗan jarida mai tukku a goshi, wanda ƴan lakkwal na ƙasashe masu aiki da Faransanci suka sani kamar yunwar cikinsu. A bugun farko, na shekara ta 1931, ya tsaya gaban allo ya shaida wa yaran cewa zai yi musu bayani a kan ƙasarsu ta gado, wato Beljiyam. Bayan shekara 15, a 1946, mai zanen ya sake fasalin littafin, ya zuba masa launi, ya rage shi daga shafi 110 zuwa 62, ya kuma goge wancan darasi. A madadinsa sai ga Tintin ya rubuta biyu a tara da biyu bisa allo yana neman amsa. Ya tambaya, ya maimaita, babu yaron da ya ba shi. Kafin a sami mai amsawa damisa ta faɗo cikin ajin, karatu ya watse.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ajin da ya yi tsit. Wani lokaci tsoro ne, wani lokaci yunwa, sau da yawa kuma harshen da aka yi tambayar da shi ne bai isa kunnen yaro ba. Amma shirun da ke cikin wannan shafi ba daga yara ya fito ba, mai alƙalami ne ya ɗora musu shi. Ya ga cewa ambaton Beljiyam zai rage wa littafin kasuwa a Faransa da sauran ƙasashe, don haka ya wanke allon tas. Fuskokin da ke zaune gaban allon kuwa ya bar su yadda suke: baƙi wuluk, leɓɓa tafka-tafka, idanu a zare, duka kama ɗaya sai ka ce da hatimi aka buga su.

Abin da ya sake tado da maganar shi ne labarin da ya fito daga kasuwar littattafan Turai a watan Nuwamba na 2023. Kamfanin ɗab'i na Casterman, tare da kamfanin da ke kula da gadon mai zanen, sun sake fitar da bugun asali, wancan mai darasin ƙasar gado, an shafa masa launi, an canza masa bango, an kuma sa masa gabatarwa mai bayanin zamanin da aka yi shi. Karo na farko ke nan da littafin ya fito cikin Faransanci da irin wannan bayani a gabansa, bayan shekara 92. Jaridun Faransa da na Beljiyam sun yi ta muhawara: wasu suka ce an ci gaba, wasu suka ce an dai shafa wa tsohon gyambo mai. Domin mai karatu ya iya yanke nasa hukunci, sai an koma baya kaɗan.

Sunan mai zanen na yanka Georges Remi, an haife shi a Burusel a 1907, ya rasu a 1983. Ya juya haruffan farko na sunansa, R da G, ya yi laƙabin Hergé da su. Yana aiki ne a jaridar «Le Vingtième Siècle», ta ƴan Katolika masu ra'ayin riƙau, ƙarƙashin wani fada mai suna Norbert Wallez, kuma shi aka damƙa wa shafukan yara na mako-mako, «Le Petit Vingtième». Can Tintin ya fara bayyana ranar 10 ga Janairu 1929, aka tura shi ƙasar Sobiyet don ya tona asirin kwaminisanci. Da aka gama wannan, Hergé ya so ya kai gwarzonsa Amurka wajen Indiyawan daji, amma Wallez ya ce Kwango za a fara, saboda a cusa wa yaran Beljiyam sha'awar aikin mulkin mallaka da na mishan. Labarin ya riƙa fitowa kashi-kashi daga 1930 zuwa 1931. Hergé yana ɗan shekara 23, bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Abin da ya dogara da shi jaridu ne, da hirar waɗanda suka dawo, da gidan tarihi na Tervuren kusa da Burusel, inda ya ga mutum-mutumin ɗan ƙungiyar masu shigar damisa ya kwafe shi cikin labarinsa. A wannan Tervuren ɗin ne, a baje kolin 1897, aka ajiye ƴan Kwango 267 cikin bukkoki don Turawa su zo kallo, bakwai daga cikinsu suka mutu aka binne su can. Makarantar da idon Hergé ya yi karatu ke nan.

Labarin kansa ba shi da wani zurfi. Tintin da karensa Milou sun sauka Kwango, sun ɗauki wani yaro mai suna Coco ya zama yaron gidansu, sun shiga daji da tsohuwar mota. Ana ta farauta ba ji ba gani: barewa 15 a tashi ɗaya, biri an harbe shi an feɗe an sa fatarsa, giwa an cire mata haure, karkanda an huda mata baya an cusa nakiya ta tarwatse. A ƙarshe aka gano ƴan fashin Al Capone ne ke neman mallake lu'ulu'un ƙasar. Abin lura a nan, a 1975 masu buga littafin a ƙasashen arewacin Turai sun ƙi amincewa da shafin karkandar, Hergé kuwa ya sake zana musu shi, dabbar ta tsira da ranta. An ji kukan karkanda tun kafin a ji na mutane.

Shafin da ya fi ciwo shi ne na jirgin ƙasa. Motar Tintin ta maƙale bisa dogo, jirgi ya zo ya buge ta, amma jirgin ne ya kife don tsabar lalacewarsa. Fasinjoji suka fito suna ƙorafi, sanye da tarkacen tufafin Turawa, Tintin ya tsaya gefe yana ba da umurni a tada jirgin, su kuma suna noƙewa kada su ɓata jikinsu, har kare ya shiga aikin yana zarginsu da lalaci. Kare ne aka ba wannan magana. To, wane ne ya shimfiɗa dogon da ake wasa a kansa? Hanyar jirgin da ta haɗa Matadi da Léopoldville, Kinshasa ta yau, an gina ta ne daga 1890 zuwa 1898 cikin duwatsu, kuma ma'aikata baƙar fata da suka mutu a wurin sun fi a ƙirga da ɗaruruwa kaɗan. Sa'an nan a daidai watannin da labarin ke ƙarewa a jarida, tsakiyar 1931, mutanen Pende na yankin Kwilu suka yi tawaye, saboda farashin kwakwar manja ya faɗi, lanho ya ƙaru, ana kuma kama maza da ƙarfi a kai su saran kwakwa don kamfanonin manja. Sojan mulkin mallaka suka murƙushe su da bindiga mai ruwa, ɗaruruwa suka mutu. Waɗannan su ne malalatan da yaran Burusel ke yi wa dariya kowace Alhamis. Dattawan Nijar da suka ga aikin tilas kafin a soke shi a ƙasashen renon Faransa a 1946, ba sai an fassara musu wannan shafi ba.

Amma yaro ba da idon dattijo yake karatu ba, kuma a nan ne batun ya shafi malamai. A ɗauki ɗan koleji na Maraɗi, ko na Damagaram, ko na Tawa, wanda ya tarar da littafin cikin ɗakin karatu, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. Littattafai masu hoto ba su da yawa, wanda ya samu ba ya saki. Zai karanta shi a zama ɗaya, zai yi dariya har da hawaye wurin damisar da ta haɗiye soson goge allo, domin Hergé gwanin ban dariya ne, kuma layin alƙalaminsa tsaf yake, babu inda ido ke tuntuɓe. Sai dai a tambayi yaron: cikin mutanen littafin nan, wane ne kai? Ba zai ce Coco ba, wanda ke ɓuya cikin ciyawa da zarar an ji motsi. Ba zai ce ɗaya daga cikin masu durƙusa wa gunkin Tintin da na karensa a shafin ƙarshe ba. Tintin zai ce. Yana zaune a ƙasarsa, da fatarsa, amma ya bi bayan baƙo yana leƙen masu kama da shi yana dariya, kuma ba ya jin an yi masa komi. Zagin da aka ji zafinsa ana iya rama shi. Wanda aka sha da daɗi kamar fura shi ne mai zama a jiki.

Marigayi Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015, ya hango wannan tun da wuri. A fim ɗinsa na 1966, «Le Retour d'un aventurier», wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sake sunaye, suka hau dawaki suka addabi garinsu. Hoton da aka shigo da shi daga waje ya zama riga, rigar kuma ta zama hali. Shi Mustafa bai tsaya ga kuka ba: a wannan shekara ya zana kwaɗinsa da hannunsa a «Bon voyage Sim», ya yi wa shugabanni masu yawon ziyara shaguɓe.

A Turai kuwa sai a 2007 rigimar ta fito fili sosai. A Ingila, hukumar da ke kula da daidaiton jinsuna ta nemi a janye littafin daga kantuna, manyan masu sayar da littattafai suka ɗauke shi daga sashen yara suka kai na manya, cinikinsa kuma ya tashi nan take, kamar yadda aka saba duk lokacin da aka ce kada a kalli abu. A wannan shekara wani ɗan Kwango mazaunin Burusel, Bienvenu Mbutu Mondondo, ya kai ƙara. Abin da ya nema shi ne a hana sayar da littafin, in kuwa hakan bai samu ba a tilasta sa masa gargaɗi, kamar yadda bugun Ingilishi mai launi na 2005 ya fito da shi. Ya dogara ne da dokar Beljiyam ta 1981 mai hukunta wariyar launin fata. Shari'a ta ja har shekara biyar. Ranar 10 ga Fabrairu 2012 kotu ta kori ƙarar, bisa hujjar cewa Hergé ba shi da niyyar tunzura kowa ga ƙiyayya, abin da ya zana tunanin zamaninsa ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a ƙarshen shekarar.

Ta fuskar hani, da wuya a ce alƙalan sun yi kuskure. Littafin da aka hana ba ya mutuwa, ƙarƙashin tebur yake komawa, ya ƙara farin jini. Bayan haka «Tintin au Congo» shaida ce, kuma mai neman gaskiya ba ya ƙone shaida. Duk wanda ya ce mulkin mallaka aikin jinƙai ne da aka yi cikin mutunta juna, a buɗe masa shafin jirgin ƙasa ya ga abin da ake ciyar da ƴaƴan masu mulkin da shi. Inda hukuncin ya yi rauni shi ne wajen niyya. Kotu na auna abin da ke zuciyar mai zane a 1930, alhali malami abin da ke shiga zuciyar yaro yau shi ne damuwarsa. Wanda ya taka ka bai sani ba, ba a kai shi gidan kaso, amma ana ce masa ya ɗaga ƙafa.

Ita ma hujjar zamani, wadda Hergé da kansa ya kawo a hirarsa da Numa Sadoul cikin shekarun 1970, inda ya amsa cewa ya tashi ne cikin son zuciyar mutanen da suka rene shi, tana da gaskiya amma ba ta cika ba. Zamani ba bakinsa ɗaya ba. A 1927 André Gide ya fitar da «Voyage au Congo», ya fallasa zaluncin kamfanoni a yankin da Faransa ke mulki. A 1929 Albert Londres, wanda shi ɗan jarida ne na gaske mai yawon duniya, ya fitar da «Terre d'ébène», ya ba da labarin gawarwakin da aka shimfiɗa dogon Congo-Océan a kansu. Duka cikin Faransanci, duka ana sayar da su a kantuna. A Beljiyam ɗin kanta akwai Paul Panda Farnana, ɗan Kwango masanin aikin gona, wanda ya yi wa Beljiyam yaƙi a yaƙin duniya na farko har Jamusawa suka kama shi, ya kafa ƙungiyar Union Congolaise a 1919, ya kuma halarci taron ƴan kishin Afirka na 1921. Shekaru ya yi yana neman a buɗe wa ƴan ƙasarsa makarantu na ƙwarai. Ya rasu a Kwango a watan Mayu na 1930, shekarar da Tintin ya shiga jirgin ruwa zuwa can. Shi ma ɗan zamanin ne.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi kuwa daga rayuwar Hergé ta fito. A 1934 ya sanar cewa Tintin zai tafi ƙasar Sin. Wani fada mai kula da ɗalibai ƴan Sin a jami'ar Louvain ya rubuto masa cewa, in ya zana Sinawa yadda Turawa suka saba, da kitso ɗaya a ƙeya da mugunta a fuska, zai ɓata wa ɗalibansa rai. Gara ya nemi sani tukuna. Ta haka aka haɗa shi da Tchang Tchong-jen, ɗalibin zane da sassaƙa a Burusel, sa'ansa a haihuwa. Suka riƙa zama tare, Tchang yana ba shi tarihin ƙasarsa, yana nuna masa yadda ake riƙe alƙalamin gashi, yana rubuta masa allunan tituna da Sinanci na gaskiya, waɗansu ma kira ne a ƙaurace wa kayan Japan. Littafin da ya fito daga wannan zama, «Le Lotus bleu», ya goyi bayan Sin a kan mamayar Japan har jami'an Japan suka yi ƙorafi. A cikinsa Tintin ya tsamo wani yaro daga ruwa, sunansa Tchang, suka zauna bakin kogi Tintin yana lissafa masa ƙarairayin da Turawa ke yi wa Sinawa, yaron yana dariya. Shekara huɗu kacal tsakanin wannan da Kwango. Zamanin bai sake ba, jaridar ba ta sake ba, hannun ma shi ne. Abin da ya sake shi ne an sami mutum ya zauna kusa da mai zane, yana duban takardar tare da shi, wanda za a ji kunyarsa in an yi masa ƙarya.

An sake ganin irin haka daga baya, ko da yake bai kai na farko ba. A «Coke en stock» na 1958, Tintin ya ceci wasu Musulmi baƙar fata da suka taso daga Afirka za su Makka, aka yaudare su za a sayar da su bayi. Niyya mai kyau ce, amma an sa musu gurɓataccen Faransanci a baki irin na Kwango. Mujallar «Jeune Afrique» ta soki abin, a bugun 1967 kuma Hergé ya gyara maganganunsu. Ashe mutumin yana ji in an faɗa masa. Game da Kwango dai ya tsaya a kan cewa kuskuren ƙuruciya ne, ya bar littafin yana ta sayuwa.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna gabatarwar 2023. Wanda ya rubuta ta, Philippe Goddin, masanin Hergé ne na gaske, ya yi shekaru yana rubutu a kan rayuwarsa da aikinsa, kuma na gida ne a wajen magadansa. Ya kawo bayanai masu amfani kan inda Hergé ya samo hotunansa, amma jigon maganarsa kariya ce: mutumin ba mai wariya ba ne, ɗan lokacinsa ne. Masanin tarihin mulkin mallaka Pascal Blanchard na cikin waɗanda suka ce wannan bai wadatar ba. Ba laifi ba ne aboki ya kare abokinsa. Laifin shi ne a kira mutum ɗaya ya zama lauya kuma ya zama mai gabatar da shari'a. Kwango cike take da malaman tarihi da marubuta da masu zane. Da an ba ɗayansu shafi biyar a gefen na Goddin, da an maimaita abin da ya faru a 1934, ko da a makare. Ba a yi ba. Har ila yau, bugun da aka yi wa gabatarwar na masu tara littattafai ne, manya masu kuɗin saye. Kundin 1946, wanda shi ne ke faɗawa hannun yara, an bar shi a lokacin yadda yake.

Kada a manta kuma harka ce ta kuɗi. Hergé ya bar wasiyya kada wani ya ci gaba da zana Tintin bayansa, don haka magada ba su da sabon labari da za su sayar, sai dai su juya tsofaffi: a sa launi, a sake bango, a haɗa uku cikin akwati. An san su kuma da saurin kai ƙara in wani ya taɓa hoton. A Amurka, Tintin na 1929 ya fita daga kariyar haƙƙin mallaka ranar 1 ga Janairu 2025, amma a Turai sai an cika shekara 70 da rasuwar mai shi, wato farkon 2054. Kafin nan, mai zanen da ya so ya ɗauki Coco ya ba shi baki ya faɗi nasa labarin, sai ya shirya wa lauyoyi.

Su mutanen Kinshasa ba su jira kotu ba. Bayan samun ƴancin kai a 1960 littafin ya yi wuyar samu, masu buga shi suna jin nauyi, sai ga shi wata mujallar Kinshasa mai suna «Zaïre» ce ta sake buga shi kashi-kashi a ƙarshen shekarun 1960, masu karatunta suna dariyar yadda Bature ya ɗauke su. Masassaƙan birnin sun mai da Tintin da motarsa abin sayar wa baƙi. Masu kare littafin suna yawan kafa hujja da wannan, su ce ga shi waɗanda abin ya shafa ba su ji haushi ba. Amma dariyar wanda aka zaga ba ta wanke mai zagi, wata hanya ce ta ɗaukar kaya mai nauyi. Amsar da ta fi wannan ita ce ta alƙalami. Mujallar «Jeunes pour jeunes» ta cika hannun samarin Kinshasa da labaran unguwanninsu tun ƙarshen shekarun 1960. Mongo Sisé ya ƙirƙiro Mata Mata da Pili Pili da irin layin Hergé, amma mutanensa suna da fuska kowa da tasa. Barly Baruti, ɗan Kisangani, ya kai aikinsa har manyan kamfanonin ɗab'in Turai, kuma a «Madame Livingstone» na 2014 ya koma Kwangon zamanin mallaka ya sa ɗan ƙasa ya zama mai ilimin da Bature ke dogara da shi. A yammacin Afirka ma, Marguerite Abouet ta rubuta «Aya de Yopougon», Clément Oubrerie ya zana, ya fito a 2005 ya ci kyautar kundin farko a bikin Angoulême na 2006, ba yunwa ba yaƙi a cikinsa, sai ƴan mata da iyayensu da rigingimun aure a wata unguwar Abijan.

Wanda ya fi kusa da halin ƙasar Hausa shi ne Papa Mfumu'eto. Tun daga 1990 ya riƙa zana ƴan ƙananan littattafai cikin Lingala, a kan takarda mai araha, ana sayar da su a kasuwa da bakin titi, labaran tsafi da kwaɗayi da manyan mutane masu cin amana, irin wanda attajiri ya rikiɗa mesa ya haɗiye mace. Bai nemi tallafin kowa ba, bai jira a fassara shi ba. Wanda ya ga yadda littattafan soyayya na Kano suka ƙetaro iyaka suka shiga ɗakunan matan Maraɗi da Damagaram ya san cewa masu karatun Hausa suna nan, kuma suna sa hannu a aljihu in an ba su abin da ke magana da su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a haɗa mai labari da mai zane. Ga shi kuwa kusan kowane aji yana da yaron da ake kamawa yana zana malam a bayan littafin lissafi, a ƙwace takardar, a ja masa kunne.

To, me malami zai yi da kundin da ke cikin kabad ɗin makarantarsa? Ƙone shi ɓarna ce, barinsa a hannun ɗan shekara 10 shi kaɗai kuma sakaci ne. Wurinsa aji ne na manyan ɗalibai, malam yana tsaye. A ajiye shafin darasin 1931 kusa da na 1946, a tambaye su abin da aka cire da abin da aka bari. A sa su ƙirga sau nawa baƙar fata ya yi magana daidai cikin littafin, su kwatanta Faransancin kare da na sarkin gari. A karanta musu labarin Pende, sa'an nan a buɗe shafin jirgin ƙasa. A kawo «Le Lotus bleu» su ga abin da hannun nan yake iyawa in ya ga dama. Daga nan a ba su takarda da fensir, su sake zana ajin, su cika kumfar maganar da ke bisa kan yaran da abin da suke jin yaran za su faɗa, da Hausa ko da Faransanci. Sa'a biyu sun isa, kuma darasin nahawu da na tarihi duk suna ciki.

Hergé bai manta da Tchang ba. Bayan abokin ya koma Shanghai a 1935, yaƙi da juyin mulki suka yanke wasiƙu tsakaninsu. Shekaru suna wucewa yana tambayar duk Basinen da ya gamu da shi. Ya zana «Tintin au Tibet», inda Tintin ya ƙi yarda cewa Tchang ya mutu a haɗarin jirgin sama, ya hau duwatsun ƙanƙara har ya same shi. Kundin ya fito a 1960, shekarar da Kwango ta sami ƴancin kanta. A watan Maris na 1981 aka kawo Tchang na gaske Burusel, tsofaffin biyu suka rungumi juna a filin jirgi gaban ƴan jarida. Coco kuwa, wanda ya yi tsaron mota, ya dafa abinci, ya kuma taimaka aka kuɓutar da maigidansa, bai sake fitowa a ko ɗaya daga cikin kundayen da suka biyo baya ba. A tsohon bango yana nan zaune cikin mota kusa da Tintin. A bangon 2023 Tintin ne da zaki.